Gwanjon Fagen Daga: Yadda Ake Sake Buga Yaƙin Ƙauyukan Turai a Kan Teburi

Wasan yaƙi na kan teburi wasa ne da mutum biyu, wani lokaci fiye da haka, ke zama gaban taswira ko wani fili na kwaikwayo, kowa ya riƙe rundunar ɓangare ɗaya, su sake buga wani faɗa da aka taɓa yi a tarihi bisa rubutattun ƙa'idoji. Babu kwamfuta a ciki, babu ruwansa da wutar lantarki. Sojojin ko dai 'yan ƙananan kwalaye ne da faɗinsu bai wuce farcen babban yatsa ba, an buga musu lambobi, ko kuwa 'yan mutum-mutumi na roba da na dalma da aka yi wa fenti da hannu. Ƙwayar ludo ce ke yanke hukunci ko harbi ya samu ko ya kuskure. Masoya wasan sun fi yawa a Amurka da Birtaniya da Faransa da maƙwabtansu, akasari maza magidanta, kuma ɓangaren da ya fi kasuwa a wurinsu shi ne Yaƙin Duniya na Biyu, musamman gumurzun da aka sha a gonaki da ƙauyukan Faransa da Beljiyam da Holan tsakanin 1940 da 1945.

Kwalin wasa guda ba faɗa ɗaya yake ɗauke da shi ba. Kowace gwabzawa tana da katinta, wanda ke fayyace inda aka yi ta, da ranar, da yawan dakarun kowane ɓangare, da abin da mutum zai cim ma kafin a ce ya ci. Wannan katin fage shi ne ran wasan. An buga dubbansa tun daga shekarun 1970, a cikin kwalaye da mujallu da ƙananan fakiti, kuma da yawansu an daina buga su tuntuni. Abin da ya kafa kasuwar gwanjonsu ke nan. Wanda ke neman wani artabu da aka yi a wata gonar tuffa ta Normandi, sau da yawa sai dai ya saye shi na hannu wurin wanda ya riga shi.

Daga bariki zuwa falo

Ba don nishaɗi aka ƙirƙiri abin ba. A 1812 wani jami'in daular Prusiya mai suna Georg Leopold von Reisswitz ya gabatar wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani teburi na kwaikwayon yaƙi. Ɗansa, wanda hafsan sojan igwa ne, ya gyara ƙa'idojin, ya mayar da wasan kan taswirori na gaskiya, ya kai shi gaban manyan hafsoshi a 1824. Ɓangare ɗaya ja, ɗaya shuɗi, ga alƙali a tsakani yana karɓar umarni a rubuce, yana sanar da kowa iyakar abin da dakarunsa za su iya hangowa. Aka shigar da shi cikin horon hafsoshi da sunan Kriegsspiel, kuma da Prusiya ta lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai rundunonin wasu ƙasashe suka yi ta rububin kwaikwayonsa.

Farar hula daga baya suka shigo. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da ɗan littafi mai suna Little Wars, inda dattawa ke durƙusawa a ƙasa suna harbin sojojin dalma da 'yar igwar wasa. Amma wanda ya mayar da abin sana'a shi ne wani Ba'amurke, Charles S. Roberts, da ya fitar da Tactics a 1954, ya kuma kafa kamfanin Avalon Hill a Baltimore a 1958. A 1961 kamfanin ya fitar da D-Day a kan taswirar da aka rarraba gida-gida, kowane gida mai kusurwa shida kamar saƙar zuma. Akwai dalili: a taswira mai gidaje masu kusurwa huɗu, wanda ya ratsa ta kwana ya fi wanda ya miƙe cin nisa, amma a mai kusurwa shida tazarar kowane gida da maƙwabcinsa ɗaya ce.

Waɗannan wasannin farko na janar-janar ne, ɗan kwali ɗaya yana tsaye a madadin dubban sojoji. PanzerBlitz, wanda Jim Dunnigan ya tsara a 1970, shi ya sauko da abin ƙasa, ya kuma zo da dabarar da ta haifi katin fage: allunan taswira uku da ake iya haɗawa ta fuskoki daban-daban, da katuna 12 na gwabzawa iri-iri. Panzer Leader na 1974 ya kai wannan tsari Faransa da Beljiyam. A 1977 John Hill ya fitar da Squad Leader, inda ɗan kwali ɗaya ke wakiltar ƙaramin rukuni na kimanin mutum goma, gida ɗaya mita 40, zagaye ɗaya kuma minti biyu na faɗa. Magajinsa, Advanced Squad Leader na 1985, ya zo da kundin ƙa'idoji mai kauri a cikin fayil mai zobba, don a riƙa cire shafi ana sa gyararre. Har yau shi ne uban tafiyar wannan fanni, kuma katunansa su suka fi yawa a kasuwa.

Abin da katin ke ɗauke da shi

Katin takarda ce mai ɗan kauri, faɗin takardar wasiƙa. A samansa akwai suna da tsohon hoton yaƙi baƙi da fari. Sai sakin layi ɗaya mai sunan ƙauye da kwanan wata da abin da ya kai dakarun wurin. Ƙarƙashinsa ɗan zane ne da ke nuna lambobin allunan da za a jera da inda arewa take. Daga nan sai sharaɗin nasara, wanda yakan zo a taƙaice: a ce Amurkawa su mallaki gine-gine huɗu na tsakiyar ƙauye kafin ƙarshen zagaye na bakwai, ko Jamusawa su fitar da tankoki uku ta gefen yamma. Tsakiyar katin hotunan 'yan kwalaye ne, kowanne da adadinsa a ƙasa: rukunin sojoji kaza, shugabanni kaza, mashinga biyu, tanka ɗaya da ba za ta shigo ba sai zagaye na uku. Akwai ƙa'idoji na musamman ga wannan rana kaɗai, kamar taɓo ko hazo ko ƙarancin harsashi. A can ƙasa kuma ga 'yan layuka da ke ba da labarin yadda faɗan ya ƙare a zahiri.

Harbi lissafi ne. Mai wasa ya haɗa ƙarfin wutar dakarunsa, ya duba jadawali, ya jefa ƙwaya biyu. A Advanced Squad Leader ƙaramar lamba ita ce sa'a, don haka duk wata mafaka ƙara lamba take yi a kan abin da maharbi ya jefa: kurmi yana ƙara ɗaya, gidan katako biyu, gidan dutse uku. Wanda kuwa ya ruga a fili tsirara, rage wa maharbin lamba ake yi. Idan aka yi gardama ko wani yana iya hango wani, sai a ɗauko zare a miƙa shi daga ɗigon tsakiyar wannan gida zuwa na wancan, a duba ko ya ratsa ta kan gini ko tudu.

Abin da ya bambanta tsarin John Hill shi ne, harbi ba kasafai yake kashewa ba; karya zuciya yake yi. Rukunin da aka yi wa ruwan wuta sai a gwada ƙarfin halinsa da ƙwaya. In ya faɗi, a kifa kwalinsa: sojojin sun firgita, sun daina jin umarni, sun nemi maɓoya, kuma ba za su dawo ba sai wani kofur ko laftanar ya isa wurinsu ya kwantar musu da hankali. Mai wasa yakan shirya hari tsaf, ya ga rabin mutanensa sun kwanta a bakin hanya sun ƙi motsi. Tsoffin sojoji da suka rubuta tarihinsu sun sha ba da labarin irin wannan, kuma nan ne wasan ya fi kusa da gaskiya.

Me ya sa ƙauye

Masu tsara katuna suna son karkarar yammacin Turai ne saboda ƙasar da kanta tana yanka faɗa gunduwa-gunduwa. A hamadar Libiya ko filayen Rasha tanka kan harbi tanka daga nisan kilomita, abin da ba ya shiga teburin cin abinci. A Normandi kuwa da wuya soja ya hangi abin da ya wuce gonar da yake ciki.

Ranar 6 ga Yuni 1944 dakarun ƙawance kimanin 156,000 suka sauka a Normandi ta ruwa da ta sama. An shafe watanni ana shirin tsallake bakin teku, amma ba a yi wa abin da ke bayansa kyakkyawan tanadi ba. Yankin, musamman ɓangaren yamma da Amurkawa suka faɗa, irin ƙasar nan ce da Faransawa ke kira bocage. Manoma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kewaye kowace 'yar gona da ganuwar ƙasa, wadda tsayinta kan kai ƙugu ko ƙirjin mutum, wani wurin har ta shanye shi, a kanta kuma ga shinge mai kauri da itatuwa waɗanda saiwoyinsu suka ɗaure ƙasar tamau. Tsakanin ganuwoyin akwai 'yan hanyoyi masu zurfi da rassa suka rufe ta sama, ko jirgin leƙen asiri ba ya ganin mai tafiya a ciki. Wani hoto da aka ɗauka daga sama ya nuna gonaki fiye da 3,900 a fili da bai kai murabba'in mil takwas ba.

Jamusawa suka mayar da kowace gona tarko. Su kafa mashinga a kusurwoyin nesa, su haƙa ramuka a jikin ganuwar, su auna tsakiyar gonar da ƙananan igwa tun kafin kowa ya shigo. Tankar Sherman ta Amurka in ta ce za ta haura ganuwa, hancinta ya ɗaga sama, bindigarta ta kalli gajimare, cikinta marar kauri ya bayyana ga duk wanda ke laɓe da makamin fasa tanka. In ta bi hanya kuma, tana kan layin da aka riga aka auna. Kafin Amurkawa su kama garin Saint-Lô ranar 18 ga Yuli sun sha baƙar wuya, ana ƙirga ci gaban wuni da gona ɗaya ko biyu. Daga cikin mafitar da aka samo akwai ta wani saje mai suna Curtis Culin: a yanko ƙarafan da Jamusawa suka kakkafa a bakin teku, a yi wa tanka waldar haƙora a gaba, ta soke ganuwar ta ratsa maimakon ta hau. An sa wa tankoki masu yawa waɗannan haƙora kafin babban farmakin da aka fara ranar 25 ga Yuli.

Duk wannan yana shiga ƙa'ida cikin sauƙi. A taswirar wasa ganuwar layi ne mai kauri a gefen gida. Tana toshe gani, tana ba wanda ya laɓe a jikinta mafaka, tana cinye wa mai tsallake ta lokaci, tanka kuma tana iya maƙalewa a kai. Avalon Hill ya fitar da kwali guda sukutum a kan wannan a 1987 mai suna Hedgerow Hell, da gidaje manya-manya don cunkoson 'yan kwalaye. Wanda ya buga irin wannan kati sau biyu ko uku yakan fahimci abin da littafin tarihi ke nufi da cewa runduna ta wuni ba ta ci mita 300 ba.

Sauran yankunan kowanne da irin matsalarsa. A Holan, a watan Satumba 1944, hanya ɗaya ce a kan tudu tsakanin filaye masu laka da magudanai, tanka ba ta iya sauka. A dazukan Ardennes na Beljiyam, daga 16 ga Disamba 1944, ƙanƙara ce da hazo da kwazazzabai da 'yan gadoji waɗanda duk wanda ya riƙe su ya riƙe hanya. A 1940 ma akwai Stonne, ɗan ƙauye a kan tudu kusa da Sedan, wanda aka ce ya sauya hannu sau 17 cikin kwana uku tsakanin Faransawa da Jamusawa.

Tarihi ba ya raba daidai

A nan ne gizo ke saƙa ga mai tsara kati. Kwamanda nagari ba ya neman faɗan da aka yi kunnen doki. So yake ya auka wa abokin gaba da ninkin ƙarfinsa. Amma ba wanda zai ɓata yammacin Asabar yana buga wasan da ya san tun farko an cinye shi.

Gadar Pegasus misali ce. Jim kaɗan bayan sha biyun daren 6 ga Yuni, jiragen sama marasa inji suka dire da dakarun Birtaniya ƙarƙashin Manjo John Howard dab da gadar, wadda ke kan mashigin ruwa a Bénouville, suka kama ta da 'yar'uwarta ta kogin Orne cikin kimanin kwata na awa, mutum biyu kawai suka rasa. Masu gadi ba su farga ba sai da aikin gama ya gama. Mai tsara kati ba zai ƙara wa Jamusawa tankokin da ba su da su ba, sai dai ya matse lokaci, ya ce Birtaniya ta kama gadar cikin 'yan zagaye kaɗan ba tare da asara mai yawa ba, ko kuma ya ja labarin zuwa wayewar gari lokacin da Jamusawa suka dawo da martani. A Arnhem ta Holan abin juyawa yake. Laftanar Kanar John Frost na Birtaniya da mutanensa kimanin 740 sun riƙe arewacin gadar garin kwana uku da ɗoriya kafin a murƙushe su. A teburi ma murƙushe su za a yi. Nasarar mai riƙe da su ita ce ya daɗe fiye da yadda Frost ya daɗe, ko ya sa Jamusawa su biya da tsada.

Kafin a buga kati, 'yan gwaji sukan buga shi sau da dama suna sauya ɓangare, a ƙara mashinga nan, a rage zagaye can. Bayan ya fita ma masu wasa suna tara sakamako, a san wane ɓangare ya fi ci. Katin da ya karkata sosai sunansa kan ɓaci, wanda kuma aka shaida ana kai ruwa rana a kansa har jifan ƙarshe, shi ake nema a gasa, shi ne kuma farashinsa ke tashi.

Masu sojan roba

Ɗaya reshen wasan ba ya amfani da taswira. Teburi ne, yawanci ƙafa shida a ƙafa huɗu, a shimfiɗa koren ƙyalle, a gina ƙauye a kai. Ana yin ganuwar gona da katako ko soso, a manna mata koren soson wanke-wanke a matsayin shinge. Gonar alkama kuwa tabarmar goge ƙafa ce ta bakin ƙofa aka yayyanka. Awo da tef ake yi. Sojojin girma-girma ne: milimita 15 a Flames of War, wanda wani kamfanin New Zealand ya fitar a 2002, milimita 28 a Bolt Action na 2012 daga Nottingham ta Ingila. Chain of Command na 2013 ya shahara da ƙananan littattafai masu jera faɗa biyar ko shida a kan hanya ɗaya, inda sojan da aka rasa yau ba zai fito a wasan gobe ba. Tsakanin rassan biyu akwai Memoir '44 na Richard Borg, da aka fitar a 2004 don cika shekara 60 da saukar Normandi: taswira mai gidaje, sojojin roba, ƙa'idoji masu sauƙi, a gama cikin awa ɗaya. Katinsa na farko Gadar Pegasus ce.

Abin da ba ya hawa teburi

Katin fage yana koyar da ƙasa da lokaci da wahalar sa mutane su motsa ƙarƙashin wuta. Ba ya koyar da yaƙi gaba ɗayansa, kuma abin da ya bari ba ƙarami ba ne. Gidajen dutsen da ke ƙara wa ƙwaya uku gidajen mutane ne. Faransawa farar hula kimanin 20,000 suka mutu a yaƙin Normandi, da yawansu a ruwan bama-baman waɗanda suka zo 'yantar da su. Kwalaye biyu na Advanced Squad Leader masu suna Kampfgruppe Peiper, na 1993 da 1996, sun zana ƙauyukan Stoumont da La Gleize na Ardennes gida-gida, har da yadda man fetur ya ƙare wa rundunar Jamus ta Joachim Peiper ta watsar da tankokinta ta tsere a ƙafa. Amma rundunar nan ce ta harbe fursunonin Amurka 84 kusa da Malmedy ranar 17 ga Disamba 1944, ta kuma kashe farar hula a Stavelot. Wannan yakan samu layi ɗaya a bayanin tarihi, in ya samu.

Akwai kuma son zuciya wajen zaɓe. Tankar Tiger ta farko ta Jamus ba a ƙera ko 1,400 ba, Sherman kuwa ta kusa 50,000, amma wanda ya duba katuna zai zaci kowace kwana akwai Tiger. Harin da Michael Wittmann, hafsan rundunar SS ta Jamus, ya kai wa ayarin Birtaniya a Villers-Bocage ta Normandi ranar 13 ga Yuni 1944 an buga shi an sake bugawa har ya gundura. Wannan ɗoki da kayan yaƙin Jamus ya daɗe yana jawo wa masu wasan suka, kuma sukar tana da tushe. A Jamus doka ta hana nuna tambarin 'yan Nazi a kayan sayarwa irin waɗannan, shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa buga shi.

Sojojin Afirka ma kaɗan ne ke fitowa, alhali sun yi faɗa a waɗannan gonaki. Rundunonin da Faransa ke kira 'yan bindigar Senegal daga dukkan yankunan mulkinta na Afirka ta Yamma aka ɗebo su, har da Nijar. Sun tsaya a bakin kogin Somme da kewayen Lyon a watan Yuni 1940, kuma a Chasselay Jamusawa suka ware baƙaƙe daga cikin fursunoni suka kashe su. Maƙabartarsu tana nan a ƙauyen, an gina ta da jar katanga irin ginin Sahel.

Kasuwar na hannu

Dalilin farko na gwanjon shi ne ƙarancin bugu. Masu saye ba su da yawa, don haka kamfani yakan buga 'yan dubbai, in sun ƙare a jira shekaru. Na biyu mutuwar kamfanoni. SPI, babban abokin hamayyar Avalon Hill, ya durƙushe a 1982. A 1998 Hasbro ya saye Avalon Hill a kan dala miliyan 6, mujallarsa The General, wadda ke fitowa tun 1964 tana ɗauke da katuna, ta tsaya. Advanced Squad Leader ya tsira ne saboda wani ƙaramin kamfani, Multi-Man Publishing, wanda shahararren ɗan wasan besbol Curt Schilling ke cikin masu shi a lokacin, ya karɓi lasisin ci gaba da buga shi. Na uku kuwa shekaru ne. Samarin da suka sayi Squad Leader a 1977 yanzu tsofaffi ne. Wasu na rage kaya, wasu kuma magada ne ke fito da akwatunan da ba su san darajarsu ba.

Ana cinikin a eBay, da shagunan da suka ƙware a tsofaffin wasanni irin su Noble Knight Games a Amurka, da kuma tarukan masu wasa, inda ake ware tebura kowa ya kawo nasa ya liƙa farashi, wani wurin masu taron su cire la'ada.

Daraja hawa-hawa ce. A sama akwai kwalin da ba a taɓa yage ledarsa ba. Sai wanda aka buɗe amma 'yan kwalayen suna nan manne a faifansu, ba a ɓalle ko ɗaya ba, wanda hakan ke tabbatar da babu abin da ya ɓata. Sai wanda aka ɓalle aka yi wasa da shi. Wasu masu wasan sukan bi kowane ɗan kwali su datse masa kusurwa huɗu da abin yanke farce don ya yi kyau kuma matsefata ta ɗauke shi cikin sauƙi. In an yi aikin da tsabta wasu masu saye na ƙara kuɗi, in an yi shi a karkace ya rage daraja. Dillalan kirki sukan faɗi ko kayan sun zauna a gidan mai shan taba ko a ɗakin ƙasa mai danshi, domin kwali yana riƙe wari, allo kuma yana lanƙwashewa.

Babban tarkon sabon shiga shi ne, kati ba ya tsayuwa shi kaɗai. Mutum ya ga fakitin faɗan Normandi da araha ya yi wuf ya saya, ya buɗe ya tarar ana bukatar allo mai lamba kaza daga wani kwali, sojojin Amurka daga wani, na Jamus daga na uku, ɗaya daga cikinsu kuma an daina buga shi, yana ɗan karen tsada. Don haka gwanaye kan fara duba lambobin alluna kafin su taya. Sai ƙirga 'yan kwalaye, domin rasa tanka ɗaya kan kashe kati biyu ko uku. Sai batun bugu: an sha sake fitar da tsohon kati da gyara, an canja adadin dakaru ko sharaɗin nasara, tsohon ya zama na ajiya kawai. Akwai kuma masu sayar da hoton kati a matsayin na asali.

A ɓangaren sojan roba, sabon bugun ƙa'idoji yana karya darajar tsofaffin littattafai. Flames of War ya kai bugu na huɗu a 2017, Bolt Action na uku a 2024. Lissafin dakarun da ke ciki ya tashi aiki, amma taswirar ƙauyen da labarin faɗan suna nan daram, shi ya sa masu wayo ke tsintar su da arha su ɗora su a kan kowace ƙa'ida. Sojojin da gwani ya yi wa fenti sun fi sababbi tsada nesa ba kusa ba. Waɗanda aka dagwalgwala kuwa a buhu ake sallamar da su, mai saye ya jiƙa ya kankare ya sake.

Wanda ya ɗauki abin a matsayin jari yakan ƙone. Kwalin da ake rububi a ninkin kuɗinsa, ranar da kamfani ya sanar zai sake buga shi, farashin ya faɗi warwas, mai ɓoyo ya tashi da kwantai. Kuɗin aikawa ma abin dubawa ne, don allunan da aka manna wa kwali mai kauri suna da nauyi, kuma zuwa wata nahiya ladan ɗauka kan zarce kuɗin kayan.

Mai son gwadawa bai kamata ya fara da warwatsattsun katuna ba. Ya nemi kwalin da ya cika da kansa, wanda ke da taswira da dakaru da ƙa'ida a wuri guda: Memoir '44 in sauƙi yake so, ko kwalin koyo na farko na Advanced Squad Leader, wanda ya fito a 2004 da alluna biyu da katuna shida. Katin farko a cikinsa faɗan ƙauyen Vierville ne na ranar 7 ga Yuni 1944, sojojin ƙasa zalla, babu tanka babu igwa, kuma ana gama shi a zama ɗaya.